Kurfayawa, a kwance wa tsofaffi igiya

Shekarar da Gwaggona ta fara ajiye takalminta a cikin randa, dariya muka yi. Muka ce tsufa ne, kowa ya daɗe ya ga daɗau. Da damina ta zagayo sai ta shiga cewa surukarta na sace mata kuɗi, alhali ita ce ke ƙulle su a tsumma ta tura ƙarƙashin tabarma ta manta. Daga nan ta fara fita da dare. In an tare ta a bakin ƙofa sai ta ce gida za ta, Innarta na jiran ta da tuwo, Innar da aka binne tun ban zo duniya ba. Wata asuba aka tsince ta tsugune a tsakar gidan maƙwabta, kusa da ɗakin da wata jaririya ke kwance da zazzaɓi. Kafin hantsi magana ta gama unguwa. Matar da ta karɓi haihuwar rabin yaran unguwar, ta yanke musu cibiya da hannunta, ita ce aka wayi gari iyaye mata na janye ƴaƴansu in sun hango ta. Ba wanda ya furta kalmar a gabanmu, amma ta iso kunnenmu: mayya.

Maganin da gidanmu ya samo shi ne igiya. Aka ɗaura mata a ƙafa, ɗaya bakin aka ɗaure a dirkar rumfa. Ba don mugunta aka yi ba. Tsoron rijiya ne, da tsoron bakin mutane. Na ga igiyar nan da idona, na ga inda ta ci mata idon sawu, kuma na yi shiru. Shirun nan ne ya hana ni sukuni shekara da shekaru, shi ne kuma ya sa na ɗauki alƙalami yau.

Ya ku Kurfayawa, mutanen Filinge da Shikal da Tunfalis da Luma da Tukunus, da ƴan uwanmu Zabarmawa da Abzinawa da Fulani da muke shan ruwan Dallol ɗaya, ku saurare ni. Abin da ya sami Gwaggona cuta ce. A ƙwaƙwalwa take, kamar yadda tarin fuka yake a huhu. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ke mutuwa sannu a hankali, kuma galibi sashen da ke riƙe sabon abu shi ke fara lalacewa. Shi ya sa tsohuwa za ta rantse ba a ba ta fura ba yau, ga ƙwaryar a gabanta, amma ta faɗa maka sunan saniyar da ubanta ya ba ta ranar da aka kai ta ɗaki. Likitoci na kiran ta dimenshiya. Nau'in da ya fi yawa, kashi 60 zuwa 70 cikin 100, shi ne wanda ake kira da sunan Alois Alzheimer, likitan Jamus da ya bayyana shi a 1906, bayan ya duba ƙwaƙwalwar wata mata da aka kawo masa tana da shekara 51, ta rikice, tana zargin mijinta, tana ɓata a cikin gidanta. Da ta rasu ya ga lahanin ƙuru-ƙuru a cikin naman ƙwaƙwalwar. Akwai kuma nau'in da hawan jini ke haifarwa, inda ƙananan jijiyoyin kai ke toshewa ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci bayan shanyewar ɓarin jiki.

Kada wani ya ce mana ciwon Turawa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu wannan cuta sun haura miliyan 55, sama da kashi 60 cikin 100 nasu a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi suke, kuma kowace shekara kusan mutum miliyan 10 ke kamuwa da ita. Rahoton da ƙungiyar Alzheimer ta duniya ta fitar a 2017 ya ce a Afirka kudu da Sahara mutum miliyan 2 da ɗoriya ne ke ɗauke da ita a 2015, kuma za su wuce miliyan 7 da rabi kafin 2050 ta fita. Dalilin ƙaruwar ma abin godiya ne ta wani gefen: muna daɗewa a duniya fiye da kakanninmu. Lokacin da Nijar ta sami ƴancin kai a 1960, matsakaicin tsawon rai bai kai shekara 40 ba, yau ya haura 60. Furfura za ta yawaita a Kurfai, kuma wannan ciwo zai biyo ta gida-gida.

Sai dai tsufa shi kaɗai ba ya kawo ta. Kowa a cikinmu ya san dattijo mai shekara 90 da ake ɗaukowa a amalanke in rikicin iyakar gona ya tashi, ya nuna gawon da kakan wane ya tsaya a kai, ya lissafo wanda ya ara da wanda ya gada, ba ya tuntuɓe. Wannan shi ne tsufa. Wanda ya kasa gane hanyar masallacin da ya yi shekara 50 yana zuwa, ciwo ne ya kama shi.

Mu fara gyara daga baki, domin a baki ɓarnar ke farawa. Muna cewa ya haukace. Muna cewa an yi masa kurciya in ya kama hanya ya bar gida, ko jifa, ko iska ta taɓa shi. Masu sauƙin harshe su ce gigin tsufa, ko ya koma yaro. Ko wannan na ƙarshen ban yarda da shi ba, don wanda aka ce ya koma yaro an halatta a daka masa tsawa, a yi shawarar gonarsa a gabansa kamar ba ya nan. Mutumin da ya ratsa yunwar 1973 da ta 1984 da iyalinsa a wuya bai koma yaro ba, dattijo ne marar lafiya. Ƙasar Japan ta ga illar suna irin wannan. Tsohuwar kalmar da suke kiran cutar da ita tana ɗauke da ma'anar wauta, har mutane na ɓoye iyayensu don kunya. A 2004 gwamnatinsu ta sauya sunan a hukumance zuwa wanda ke nufin matsalar fahimta kawai, daga baya suka horar da miliyoyin talakawa, har da masu kanti da ƴan makaranta, yadda za su taimaki tsoho in sun gan shi ya ruɗe a hanya. Mu ma Hausa ba ta gaza ba. Mu ce cutar mantuwa. Duk wanda ya ji ya san ciwo ne, kuma mai ciwo sannu ake ce masa.

Mu Kurfayawa ma mun fi kowa sanin nauyin kalmar hauka. A nan Shikal, a 1925, wata mata mai suna Shibo ta jagoranci tafiyar bori da tarihi ya rubuta da sunan Hauka, ko Babule, wadda ta tayar wa Faransawa hankali har suka kama mabiyanta suka tsare. Kowa da ra'ayinsa game da bori, ba shi na zo tattaunawa ba. Abin da nake so mu lura da shi ɗaya ne: da zarar wannan suna ya hau kan mutum, an huta da sauraron sa, abin da ya rage sai kulle ƙofa.

Kalmar maita kuwa kisa take yi. A watan Yuli na 2020, a garin Kafaba da ke arewacin Gana, an yi wa wata tsohuwa mai kimanin shekara 90, Akua Denteh, dukan da ya kashe ta da rana tsaka, jama'a na kallo, don wata bokanya ta ce mayya ce. Tsohuwar da ke yawo cikin dare, tana sambatu, tana kiran sunayen matattu, wadda in an matsa mata da tambaya za ta amsa laifin da ba ta san ma'anarsa ba, ita ce ta farko da irin wannan yatsa ke nunawa. A Namibiya kuma wani malamin coci, Berrie Holtzhausen, ya tarar da wata tsohuwa ƴar ƙabilar Himba da danginta suka ɗaure da sarƙa kusan shekara 20 bisa zargin maita. Ya zauna da dangin, ya yi musu bayanin cutar, a 2012 aka cire mata sarƙar. Da na ji labarin, dirkar rumfarmu ce ta faɗo mini a rai.

Allah gafarta malamai, ku ne kuka fi mu sanin cewa Alƙur'ani bai bar wannan hali ba tare da ambato ba. A Suratun Nahli da Suratul Hajji an yi maganar wanda ake mayarwa ga mafi raunin shekaru har sanin da yake da shi ya kuɓuce masa. A Suratul Isra'i, inda aka yi horo da kyautata wa iyaye, lokacin tsufansu aka ware da ambato, aka hana ko da nuna musu ƙosawa. Ku ne kuma kuka karantar da mu cewa wanda hankalinsa ya gushe ba a kama shi da laifi. To me ya sa ake yi wa tsoho faɗa don ya yi azahar raka'a shida, ko ya sha ruwa da rana cikin azumi? Huɗuba guda ta Juma'a a kan wannan za ta shiga inda takardar likita ba ta taɓa shiga ba. Addu'a da tofi ba wanda ya hana, mu ma muna yi. Duka da sunan fitar da aljani, da turaren barkono, da mari a ƙafar tsoho, waɗannan ne muke roƙon ku fito fili ku haramta.

Bari in koma kan Gwaggo, don labarinta bai ƙare a igiya ba.

Wata la'asar yarinyar gidanmu na daka hatsi kusa da rumfar, ta ɗauko wata tsohuwar waƙar daka, ta rera baiti ɗaya ta tsaya, iyakar abin da ta sani ke nan. Sai muka ji murya daga ƙarƙashin rumfa ta karɓa. Gwaggo, wadda ta yi wata da watanni ba ta haɗa magana mai ma'ana ba, ta ja waƙar nan tun daga kai har gindi, da amshinta, da sunayen ƙawayenta na ƙuruciya da take sakawa a ciki, tana buga cinya daidai da saukar taɓarya. Surukarta ta fito daga madafa ta tsaya, hawaye na zuba. Kashegari wata maƙwabciya, ɗaya daga cikin masu janye ƴaƴa, ta kawo kaba jiƙaƙƙiya ta sa mata a cinya. Yatsun da suka manta yadda ake ɗaura zane ba su manta saƙar faifai ba. Ta riƙa saƙa tana warwarewa, tana sake saƙawa. Ranar da ta yi saƙa da waƙa, daren takan yi barci. Ba ta warke ba, har ta koma ga Mahaliccinta da sunan mahaifina take kira na, ni kuma ina amsawa. Amma an kwance igiyar, kuma ba a sake mayar da ita ba.

Abin da muka gani ba mu kaɗai muka gan shi ba. Masu binciken ƙwaƙwalwa sun lura cewa waƙar da mutum ya sha ji tun ƙuruciya, da aikin da hannu ya saba, da karatun da harshe ya haddace, suna cikin abubuwan da cutar ke jinkirin taɓawa. A watan Agusta na 2021 mawaƙin Amurka Tony Bennett ya hau dandamali a birnin New York yana da shekara 95, shekara 5 bayan an tabbatar masa da cutar Alzheimer, ya rera waƙoƙinsa a gaban dubban mutane. A Tokyo, a 2017, aka buɗe wani gidan abinci na ɗan lokaci wanda duk masu kai wa baƙi abinci masu cutar mantuwa ne. An sanar da kowa tun daga ƙofa cewa mai yiwuwa ka nemi wani abu a kawo maka wani, mutane suka cika wurin, suka ci abin da aka kawo da murna. A Holan, a 1997, wani masani mai suna Bère Miesen ya fara tara masu cutar da iyalansu a birnin Leiden, a sha shayi, a yi hira, a yi tambaya ba kunya, kuma dabarar ta bazu ƙasashe da dama.

Su sai da suka zauna suka ƙirƙiro waɗannan abubuwa. Mu a tsakar gida muke da su. Wace unguwa ce a Filinge ba ta da fada, inda samari ke kwana kan butar shayi? A ware yamma ɗaya a mako a ɗauko tsofaffin unguwa, masu lafiya da masu mantuwa, a shimfiɗa musu tabarma. A sa musu Shata ko Ɗankwairo ko Ɗan Gurmu a waya, a ga wanda ƙafarsa za ta fara motsi. A nemo mai goge ko mai kalangu ya taɓa musu taken da aka yi musu a samartaka. Tsohon manomi a ba shi zangarniya ya ware iri, tsohon makiyayi a kai shi bakin garke ya ga jajayen shanun Azawak ya faɗi wadda za ta yi nono, tsohuwar mai cuku a bar ta ta taɓa madara ko da wata ce za ta ƙarasa. Wanda ya yi allo, a zauna kusa da shi a fara masa sura, sau da yawa shi zai ƙarasa. Kada a gyara masa kuskure, kada a tambaye shi ko ya gane wane. Tambayar nan ta “Baba, ka san ni?” azaba ce gare shi. Ka ce, “Baba, ni ne wane, ɗan wance, na zo gaishe ka.”

Ku kuma samari masu manyan wayoyi, ga aikin da ya fi kallon bidiyon banza. Ku ɗauki muryar kakanninku tun suna iya bayarwa: tatsuniya, kirarin gida, waƙar niƙa da ta gayya, sunayen rijiyoyi da wanda ya haƙa su, yadda aka taso aka zauna a Dallol. Riba biyu ce. Kurfai ta tsira da tarihinta, kuma ranar da mantuwa ta zo, wannan muryar ce za ku kunna wa tsohon ya ji kansa ya natsu. Masu wasan kwaikwayo da ma'aikatan gidajen rediyon karkara, kun daɗe kuna sa tsoho mai ruɗewa a wasa don a yi dariya. Ku juya wasan. Ku nuna mana gidan da aka zargi kaka da maita, da yadda gaskiya ta fito. Ranar 21 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar wannan cuta a duniya tun 1994. Bana a ji ta a rediyo da Hausa da Zabarmanci da Tamashek da Fulatanci, a bar layi a buɗe mata su kira su faɗi abin da suke sha.

Na ce mata, don su ne ke ɗauke da kayan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na lokacin da ake kashewa wajen jinyar masu wannan cuta mata ne ke bayar da shi. A wurinmu ma sai abin da ya ƙaru. Da an gama girbi maza sun tafi cin rani, Yamai ko Kwatano ko Abijan ko Libiya, an bar suruka da daka da ɗiban ruwa da goyo, ga tsohuwar da ba ta barci, mai zagin ta da sata, mai ɓata shimfiɗa. In ta gaji ta ɗaura igiya, kafin mu zarge ta mu tambayi kanmu dare nawa muka taɓa karɓar ta. Wani gidan kuma yarinya ake cirewa daga lakwal ta zauna gadin kaka, a kashe gaba don a rufa wa baya asiri. Ɗan uwa da ke cin rani, kuɗin da kake aikowa a sa da na mai taya jinya, da na fitila mai cajin rana don duhu na ƙara musu ruɗu, da na murfin rijiya. A rataya ƙararrawa a ƙofar gida. A ɗinka ƙyalle mai lambar waya a cikin rigar tsoho. In ya ce zai tafi gidan uwarsa, kada a ce masa ta mutu, don kowace faɗa sabon makoki ce gare shi. A ce, “To Baba, sha fura tukuna, rana ta yi sanyi,” a taka da shi kaɗan, a dawo.

Kuma a kai su likita. Na san abin da za a ce: ciwon da ba ya warkewa, me za a je nema? Gaskiya ne har yau ba a sami maganin da ke warkar da cutar Alzheimer ba. Amma ba duk ruɗewa ce ita ba. Tsohon da yake garau shekaranjiya, yau ya rikice, wannan zazzaɓin cizon sauro ne mai yiwuwa, ko ciwon fitsari, ko ƙishirwar bazara, ko sugan jini, ko jini da ya taru a kai bayan faɗuwa, ko ƙwayoyin da aka saya a tire. Waɗannan ana maganin su, jinkiri ne ke kisa. Wani kuma kurumta ce kawai ko yanar ido ta raba shi da mutane, aka ɗauka hankali ne ya tafi. A 2024 kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 da in an magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na wannan cuta. A cikinsu akwai hawan jini, da ciwon suga, da taba, da raunin ji da na gani, da buguwar kai, da gurɓatacciyar iska, da kaɗaici, da rashin karatu tun yarinta. Ashe ɗan kabu-kabun da ya sa hular kwano, da magidancin da ya je aka auna masa jini ya rage gishiri, da uban da ya bar ɗiyarsa ta ci gaba da lakwal, duk rigakafi suke yi.

Ga hukuma kuma muna da magana, kuma haƙƙi muke nema. A 2017 ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya, har da Nijar, suka amince da shirin bai ɗaya kan wannan cuta. Tun 2008 ita Hukumar Lafiyar ke da tsarin koyar da ma'aikatan jinya na karkara yadda za su gane cututtukan ƙwaƙwalwa, har da wannan, ba sai an jira ƙwararre ba. Tsakanin Filinge da Yamai kimanin kilomita 180 ne. Wa zai ɗora tsohuwar da ba ta san inda take ba a mota, ya yi wannan tafiya, ya kwana a baranda? A horar da ma'aikatan asibitin Filinge da na ƙananan gidajen likita na ƙauyuka. Magadan gari su sa tsofaffi a lissafinsu. Masu rabon agaji su tuna da waɗanda rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan arewa, wajen Abala da Sanam, domin mai cutar mantuwa da aka raba da bukkarsa da itacen ƙofar gidansa ruɗewarsa ninkuwa take yi, kuma ba zai iya bin layi ya faɗi sunansa ba.

Ranku ya daɗe sarakunanmu da masu gari, naku ya fi na kowa sauri, don ba ya bukatar ko dala. Ku sa a yi shela ranar kasuwa: duk wanda ya kira tsohuwa mayya zai zo fada ya maimaita a gabanku. Duk wanda ya ga tsoho shi kaɗai ya nufi daji, ko yana zagaya bakin rijiya, ya bar abin da yake yi, ya gaishe shi da ladabi, ya ba shi ruwa, ya rako shi gida. Yaran da ke bin sa da tsokana a kira iyayensu.

Faifan da Gwaggo ta saƙa a shekararta ta ƙarshe yana nan a gidanmu. Ya karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi, da shi ake rufe ƙwaryar fura har yau. In akwai igiya a gidanku, ku kwance ta kafin magaribar yau. Ku kira maƙwabta ku gaya musu sunan ciwon da bakinku, ku raba kwanakin tsaro tsakaninku, wane Litinin, wance Talata. Sannan a aiki yaro ya yanko kaba, a jiƙa ta, a sa wa tsohuwar a cinya.